Naira a Can, Sefa a Nan: Lissafin Gidan Hayarmu

Mu 'yan haya ne a Kwatano, kuma masu gidan haya ne a Kano. Duk ƙarshen wata sai mun ƙirga sefa mun kai wa mai gidan da muke ciki a unguwar Zango, sannan sau ɗaya a shekara mu zuba ido mu ga abin da 'yan hayarmu na Rijiyar Lemo za su kawo da naira. Na san ba mu kaɗai ba ne a wannan hali. In aka haɗu wurin suna ko walima a nan, da wuya ki rasa mata uku ko huɗu da mazajensu suka kafa gini a gida, wannan a Kano, waccan a Maraɗi, wata a Sakkwato ko Damagaram. Kowa kuma bakinsa ɗaya: gida shi ne asusun ɗan kasuwa. Ban musa ba. Amma ni nake riƙe da littafin lissafin gidanmu tun ranar da ɗan haya na farko ya shiga, kuma abin da littafin yake faɗa ya ɗan sha bamban da abin da ake faɗa a bakin taro.

Wani zai ce me ya sa ba mu yi ginin a nan inda muke zaune ba, mu huta da biyan haya. Amsar tana wajen kakana na wajen uwa. Fataucin goro ya yi a Kumasi shekaru masu yawa, ya gina gida, ya yi iyali, har Asante yake ji kamar ɗan gari. A 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Gidan da ya ɗauki shekaru yana ginawa haka ya sayar da shi a wulaƙance, ya hau mota da mata da 'ya'ya da ƙunshin kaya. Mahaifiyata tana yarinya a lokacin, amma har ta tsufa ba ta daina ba mu labarin tafiyar ba. Shi ma Alhaji, maigidana, a gidansu akwai mai irin wannan labari. Saboda haka da kuɗi suka ɗan taru babu wanda ya tsaya shawarar inda za a sa bulo. Mutanen Benin ba su taɓa yi mana komai ba, muna zaune lafiya da su, 'ya'yanmu ma Faransanci da Fon suke yi fiye da mu. Sai dai wanda aka taɓa kora daga wani wuri, jikokinsa ma da shirin tafiya suke kwana.

A 2014 muka sayi filin, awon igiya, da takardar mai unguwa da shaidu. Gini kuwa irin na ɗan kasuwa ne: in ciniki ya yi kyau a tura kuɗin bulo, in ya yi sanyi a bar kango yana shan ruwan sama. Sai 2018 aka gama. Ciki da falo huɗu ne, kowanne da ɗan kicin da banɗaki, sai shaguna biyu a gaba suna kallon titi. Shagunan nan nawa ne. Sarƙata da 'yan kunne da awarwaro na zinare na sayar, na haɗa da kwasar adashe biyu, aka yi su. Kuma na roƙi Alhaji a rubuta hakan a takarda, yayansa da limamin unguwarsu suka sa hannu. Da farko abin ya ɗan sosa masa rai, ya ce, "Hajiya, yanzu tsakanina da ke sai an kira shaidu?" Na ce, "Alhaji, ba don kai ba ne, don ranar da babu ni ko babu kai ne." Duk matar da ta taɓa zama wurin rabon gado ta san abin da nake nufi. Matar da mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya tumuni take samu, kashi ɗaya cikin takwas, in kuma akwai abokiyar zama su raba shi. Zinaren da kika narkar a cikin ginin da ke ɗauke da sunan miji, in babu rubutu babu shaida, ya shiga cikin dukiyar mamaci ke nan, sai dai in magada sun ji tsoron Allah.

Shekarar farko lissafin ya yi daɗin gani. Kowane ciki da falo naira 120,000 a shekara, kowane shago 80,000. Ɗaya daga cikin ɗakunan yayar Alhaji ce a ciki da marayunta, ba ta biya, zan dawo kan wannan. Ke nan ɗaki uku da shago biyu, naira 520,000. A lokacin jaka ɗaya ta sefa ba ta wuce naira ɗari shida da 'yan kai ba, don haka in aka canza kuɗin suna kai sefa 850,000 ko kusa da haka. Mu kuma hayarmu a nan sefa 60,000 ce a wata, 720,000 a shekara. A takarda, gidan Kano ya biya gidan Kwatano har da canji.

Kuma wallahi ya yi mana rana. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, Seme ta tsaya cik, ba a sake buɗewa ba sai Disambar 2020. A tsakani ga korona ta zo ta ɗora nata. Alhaji atamfa da leshi da shadda yake ɗauka daga Dantokpa yana tura wa abokan cinikinsa a Kantin Kwari. Wata goma sha shida kaya na jibge a sito, masu bashi a Kano suna cewa a yi haƙuri, masu bin mu bashi a nan ba su san wannan yare ba. Mun ga manyan mutane da suka sayar da motocinsu, mun ga waɗanda suka mayar da iyali gida. Mu abin da ya riƙe mana rufin asiri shi ne hayar Rijiyar Lemo da ɗan turaren wuta da humra da nake sayarwa a cikin gida. Ba mu taɓa jari ba, ba mu ci bashin kowa ba. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, a riƙe wannan tukuna.

Abin da ya sauya lissafin ba a gidan ya faru ba. A 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur a Najeriya, a watan Yuni aka saki naira kasuwa ta yanke mata daraja. Dalar da gwamnati take sayarwa naira ɗari huɗu da sittin da wani abu, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ita kuwa sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 ba ta gaba ba ta baya. Sai ga jakar da muke saya naira ɗari shida ta koma dubu biyu da ɗari biyar, wani lokaci fiye. Mun ƙara haya, ba mu zauna ba: ɗaki ya koma 200,000, shago 150,000, jimla naira 900,000. In ka faɗi haka a Kano sai a ce ma sha Allah, kuɗin sun kusa ninkawa. In ka kawo su nan ka canza, sefa 350,000 ma da kyar. Hayarmu a Zango kuma ta koma 70,000 a wata. Gidan da yake biya mana shekara guda har da saura, yanzu wata biyar yake biya, shi ma in duka kuɗin sun shigo kuma ba a kashe ko sisi a kan gidan ba. Wannan kuwa bai taɓa faruwa ba ko sau ɗaya.

Bari in buɗe shafin 2024, don ita ce shekarar da ta fi koya mini karatu. Wani ɗan haya ya tashi bayan ƙaramar salla, ɗakin ya yi wata huɗu a rufe kafin a sami wanda hankali ya kwanta da shi. Wannan kaɗai ya ci sulusin kuɗin ɗakin. Kafin sabon ya shiga sai da aka yi fenti, aka canza ƙofar banɗaki da ruwa ya cinye, aka gyara famfo, naira 70,000. Wani kuma ya kawo rabi ya ce ragowar bayan girbi, har shekarar ta fita ba mu ga ragowar ba. Abin da ya shigo hannu ke nan wajen 730,000 ne. Sai sumon rijiyar burtsatse ya ƙone ana tsakiyar zafi, lokacin da 'yan garuwa suke cin karensu babu babbaka. Gida mai iyali huɗu ba a ce masa ya jira, aka sayi sabo aka biya mai ɗaurawa, 180,000. Da damina ta sauka kwano ya fara yoyo ta ɓangaren gabas, silin ɗin falo ɗaya ya rufto, Allah ya kiyaye babu kowa a ƙasa, 120,000. Shadda an yashe ta sau biyu, 60,000, don mutanen da ke kwana a gidan sun ninka waɗanda aka yi ramin dominsu. Ga kuɗin 'yan sintiri da masu kwasar shara da gyaran kwatar layi da ake yankawa kowane gida, wajen 20,000. Ga 50,000 da muke ba ƙanen Alhaji na wahalarsa. Da na ja layi na haɗa, rabin miliyan ta tafi. Saura naira 230,000, wato sefa dubu casa'in ba kaɗan. Hayar wata ɗaya da 'yan kwanaki.

Ba kowace shekara ce haka ba, kada in tsorata mai niyya. Sumo ba ya ƙonewa kullum, rufi ma in an gyara yana ɗaukar shekaru. Amma da na duba shafukan duka, ban ga shekarar da gidan bai ci aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kawo ba, kuma yana ƙara tsufa yana ƙara ci. Gida kamar doki ne, ko ba ka hau ba sai ka ba shi dawa.

Maganar ƙanen Alhaji tana buƙatar bayani, don a nan yawancin gidajen 'yan kasuwa mazauna waje suke lalacewa. Shi ne idonmu a can. Shi yake karɓar kuɗi, shi ake bugawa waya ƙarfe goma sha ɗaya na dare in wuta ta yi tartsatsi, shi yake sasanta matan gida in sun yi faɗa a kan igiyar shanya. Mutane da yawa suna ɗora wa ɗan'uwa wannan aiki kyauta, suna ganin ai zumunci ne. To shi ma yana da iyali, man babur ɗinsa ba da zumunci yake sayensa ba. In ba ka yanka masa nasa a fili ba, wata rana zai ranci kuɗin haya da niyyar mayarwa, kai kuma kunya ta hana ka tambaya, daga nan sai gaisuwa ta fara yin nauyi. Mu mun yanka masa tun farko. Kuma kasancewar akwai wasa tsakanina da shi, ni nake iya tambayar abin da yayansa ba zai iya ba. Sai in buga in ce, "Kai malalaci, ina rasit ɗin mai sumo?" Ya yi dariya ya ce, "Matar Yaya, ke da kwastan ɗin Seme ban san wanda ya fi bincike ba." Kafin magariba hoton rasit ya shigo ta WhatsApp. 'Yan haya kuma yanzu ta banki suke turawa kai tsaye, alat ya shigo wayar Alhaji, kowa ya huta da zargi.

Ɗakin Yaya kuwa, a littafina ina rubuta shi duk shekara: naira 200,000, a shafin abin da ya fita, a ƙarƙashin zumunci. Ranar da Alhaji ya fara gani ya ɓata fuska. Ya ce ko so nake a karɓi haya a hannun marayu. Na ce Allah ya kiyaye, ko bayan ranmu ban yarda a tashe ta ba. Amma alheri ne muke yi, kuma ya kamata mu san girmansa. In ba a rubuta ba, sai a riƙa cewa muna da gida mai ɗaki huɗu, a yi mana lissafin ɗaki huɗu, dangi su kawo buƙata daidai ɗaki huɗu, mu ma mu ɗauki nauyi daidai ɗaki huɗu, alhali uku ne suke kawo kuɗi. Yanzu in wani ya zo da maganar a taimaka da kaza tunda akwai kuɗin haya, Alhaji da kansa yake cewa a duba littafi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne malamin firamaren da ke ɗakin ƙarshe. Shi ne mai ragowar da ba ta zo ba. Tun 2018 yake gidan, matarsa ce take share tsakar gida ba tare da an sa ta ba, shi yake tara yaran gidan karatun allo da asuba. Dillalai sun sha gaya wa ƙanen Alhaji cewa in aka fitar da shi akwai mai biyan 300,000 gobe, su kuma su ci la'adarsu. Na zauna na yi lissafin albashinsa. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 30,000 ne tun 2019, sai a 2024 aka mai da shi 70,000, Kano ta ce 71,000. Ko a ce yana ɗaukar sama da haka kaɗan, a shekarar da buhun shinkafa ya fi ƙarfin albashin wata guda, daga ina zai tara dubu ɗari uku? Mu naira ta karye mana a wurin canji, shi ta karye masa a cikin tukunya. Sannan ko ta fuskar kasuwanci aka duba, na riga na ga abin da tashin ɗan haya yake ci: wata huɗu a rufe, fenti, ƙofa, da baƙon da ba ka san halinsa ba. Muka bar shi a 200,000, muka ce ya riƙa biya kashi huɗu a shekara maimakon dunƙule. Tun da aka yi haka bai sake saɓawa ba. Ni kaina a nan wata-wata nake biya, kuma na san da a ce mai gidanmu zai ce in kawo na shekara a dunƙule, da mun sha wuya. Dokar Benin ma ta hana a karɓi kuɗin ajiya fiye da na wata uku. Abin da ba zan iya ɗauka a Kwatano ba, da wace fuska zan ɗora wa wani a Kano?

Na tambayi malaminmu na Islamiyya game da zakka, don wata ta tsorata ni cewa sai mun kimanta gidan duk shekara mun fitar. Ya ce gidan da aka gina don haya, ba don sayarwa ba, babu zakka a kan ginin. Kuɗin hayar ne in sun kai nisabi, su kaɗai ko haɗe da sauran kuɗin mutum, suka kuma shekara a hannu, ake fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari. Na yi dariya na ce, Malam, namu ba sa kwana arba'in.

Inda muka fi ja da Alhaji shi ne maganar ɗora bene. Tun farko an yi harsashin da zai ɗauka, kuma duk lokacin da ya je gida ya ga maƙwabta sun hau sama sai ya dawo da zancen. Hujjarsa mai ƙarfi ce. Ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016, ya san mutanen da suka kwana da dukiya suka tashi da toka. Ga maganar tayar da Dantokpa da ake ta yi a lokacin, babu wanda ya san yadda ciniki zai kasance a sabon wuri. Kaya ana kama su a hanya, abokin ciniki yana gudu da bashi, amma ba a taɓa sace gida an gudu da shi ba. Kuma dillalai sun ce gidan yanzu zai yi naira miliyan talatin. Ni kuma na ce to mu ɗauki maganarsu: miliyan talatin tana kawo dubu ɗari tara, naira uku ke nan a kan kowace ɗari a shekara, tun ba a cire gyara ba. Dila ɗaya ta atamfa in ta juya sau huɗu a shekara ta fi haka nesa ba kusa ba. Siminti da ake saya ƙasa da dubu biyar a farkon 2023 ya haura dubu goma a wasu wurare a farkon 2024, rodi da kwano duk sun bi shi. Kuɗin benen daga jari za su fito, jarin kuma shi yake ciyar da mu yau. Darajar gida tana hawa, gaskiya ne, amma ba a cefane da ita sai ranar da aka sayar, mu kuma ba sayarwa za mu yi ba.

Sai dai akwai gefen da ya fi ni gaskiya, kuma na faɗa masa. Karyewar nairar da ta rage mana haya ita ce ta sa sefarmu take sayen bulo da yawa a Kano fiye da da. Mai samu da sefa in zai yi gini a Najeriya, yanzu ne lokacinsa. Abin da bai kamata ya sa rai ba shi ne ginin ya dawo masa da sefar.

A kan wannan muka tsaya. Kuɗin Kano ba sa ƙetare iyaka kuma. Ba ma kai su wurin 'yan canji a Wapa su dawo mana 'yan kaɗan. Abin da aka samu da naira, da naira ake kashe shi: cefanen Hajiya mahaifiyar Alhaji da maganinta, kuɗin rajista da na abincin babbar 'yarmu da ke jami'a a Kano, gudummawar biki da ta'aziyya da a da muke aikawa daga nan. Kashi ɗaya cikin uku na duk abin da ya shigo yana zama a wani asusu daban da ba mu da katin cirarsa a nan, na gidan ne shi kaɗai, ranar da wani abu ya fashe kada a taɓa jari. Hayar Zango, kuɗin wuta da ruwa, makarantar ƙananan yara da cefanen yau da kullum, duk daga ciniki suke fita, da sefa. Kuɗin shagunana biyu kuwa nawa ne, ina sayen kayan humra da itacen turare da su a Kano a aiko mini, in sayar a nan da sefa. Ta wannan hanyar kaɗai na ga naira ta ƙetaro Seme ta ƙara auki.

Benen an ɗaga shi zuwa lokacin da 'yarmu za ta gama karatu. Kafin nan akwai takardar filin da muke so a mayar ta gwamnati, don awon igiya ba ya hana mai rusau zuwa, kuma tun dokar filaye ta 1978 ƙasar birni a hannun gwamna take. Akwai kuma mita mai kati da muke so a sa wa kowane ɗaki nasa, saboda rigimar kuɗin wuta ta fi kowace rigima yawa a gidan, mai firiza da mai fanka ɗaya ba za su taɓa yarda su biya daidai ba. Ƙanen Alhaji ya je ya tambayo farashi. Da na gwada da abin da ke cikin asusun gyara, na ga bana mita biyu za mu iya, sauran biyun sai baɗi in rufin yamma bai riga su ba.